Babi na Biyar: Da Wane Mudu Aka Auna Ka?

A ƙarshen shekarun 1930, wanda ya je dubiya asibitin Jami'ar Minesota da ke Amurka yana iya cin karo da wata buƙata da bai fito gida da shirinta ba. Yana jiran a ba shi izinin shiga wurin ɗan'uwansa, sai a miƙo masa katuna kimanin 500, a roƙe shi ya taimaka. Kowane kati na ɗauke da jimla guda: wata a kan barci, wata a kan cin abinci, wata a kan tsoron duhu, wata a kan addini, wata a kan yadda mutum yake ji idan ya shiga taro. Aikinsa shi ne ya kasa katunan kashi uku: wannan haka nake, wannan ba haka nake ba, wannan kuma ba zan iya cewa ba. Mutum 724 ne suka yi wannan aiki. Yawancinsu mutanen karkara ne da ƙananan garuruwa, magidanta, 'yan kimanin shekara 35, karatun bokonsu bai wuce na shekara takwas ba, kuma dukkansu farar fata ne.

Bayin Allah nan suka koma gidajensu da gonakinsu ba su san sun zama mudu ba. Mutum biyu ne suka shirya katunan, Starke Hathaway masanin halayyar ɗan Adam da J. C. McKinley likitan ƙwaƙwalwa, kuma daga aikinsu aka sami gwajin da ake kira MMPI, wanda aka buga a 1943. Tun daga lokacin har zuwa 1989 da aka sabunta shi, majinyaci a asibiti, da fursuna a kurkuku, da mai neman aikin ɗan sanda, idan suka amsa wannan gwaji a Amurka, da amsoshin 'yan dubiyar nan ake gwada nasu. Wanda ya yi kusa da su a ce lafiyarsa lau. Wanda ya yi nesa da su a sa masa alamar tambaya.

Duk wanda ya taɓa auna hatsi a kasuwanni biyu ya san mudun nan ba shi ne mudun can ba, kuma mai hankali ba ya biyan kuɗi sai ya ga kwanon awo da idonsa. To, tsawon mutum akwai igiyar tela da za ta auna shi, zafin jiki akwai na'urarsa, jini kuma a ɗiba a kai ɗakin gwaji. Hali ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba a taɓa samun wanda ya ɗebo haƙuri a kwalba ya ɗora a sikeli ba. Abin da masana suke iyawa shi ne su kwatanta ka da wasu mutane, ko su kwatanta kai na yau da kai na jiya. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin abin da wannan babi ya ƙunsa.

Me ya sa ake wahalar awon tun farko? Saboda akwai tambayoyin da ido kaɗai ba ya amsawa, kuma amsarsu na iya sauya rayuwar mutum. Ga mace ta daina cin abinci, ta daina magana, ta ƙulle kanta a ɗaki: ciwon damuwa ne mai tsanani, ko farkon taɓin hankali ne irin wanda ke sa mutum jin muryoyi? Maganin biyun ba ɗaya ba ne. Ga saurayi a gaban alƙali yana cewa bai san lokacin da ya aikata laifin ba: gaskiya yake faɗa ko dabara ce? Ga yaro yana buga kansa da bango har ya yi jini. Irin waɗannan ne likitoci da kotuna da iyaye suke kai wa masanin halayya na asibiti, wanda aikinsa ya fi karkata ga awo da magani ta hanyar zantawa, ba rubuta ƙwaya ba.

Kayan aikinsa na farko, kuma mafi tsufa, shi ne hira: a zauna da mutum, a tambaye shi, a saurare shi, a lura da fuskarsa da muryarsa da abin da ya tsallake bai faɗa ba. Babu gwajin da zai maye gurbin wannan zama. Amma hira tana da rauni, kuma an kama raunin nata dumu-dumu. A shekarun 1960 wasu masana na Amurka da Ingila suka lura cewa asibitocin birnin Niyok suna samun masu ciwon sikizofiriniya, wato taɓin hankalin nan mai sa jin muryoyi, fiye da na Landan nesa ba kusa ba. Suka bi diddigi, har suka nuna wa likitocin ƙasashen biyu hirarrakin majinyata iri ɗaya da aka ɗauka a faifan bidiyo. Majinyacin da likitan Amurka ya ce sikizofiriniya ce gare shi, na Ingila sai ya ce ciwon sauyin yanayin rai ne. Da 'yan binciken suka yi wa majinyatan biranen biyu tambayoyi iri ɗaya, a jere ɗaya, da ƙa'idar yanke hukunci ɗaya, sai akasarin bambancin ya ɓace. Rahoton ya fito a 1972. Ashe bambancin a likitoci yake, ba a marasa lafiya ba. Wannan na cikin abin da ya sa aka rungumi tsararriyar hira, wadda aka rubuta tambayoyinta tun kafin majinyaci ya shigo. Sikelin da zai ba ka nauyi biyu a kan tsokar nama ɗaya, ba a fara maganar ko yana faɗin gaskiya. A fara gyara shi tukuna.

Takardar tambayoyi kuwa yaƙi ne ya haife ta. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji da dama sun dawo daga fagen fama jikinsu babu rauni amma suna karkarwa, ba sa barci, wasu ma bakinsu ya rufe. Sojan Amurka ya so a tace masu raunin zuciya tun kafin a tura su, likitocin da za su zauna da kowane kurtu kuma ba su isa ba. Sai Robert Woodworth ya tsara tambayoyi 116 na “i” ko “a'a”. Yaƙi ya ƙare kafin a ci moriyarsu sosai, amma hanya ta buɗe. Aibin takardar Woodworth a fili yake: kowa ya karanta tambaya ya san inda ta dosa. Mai son gudun yaƙi ya san amsar da zai bayar, mai son a ɗauke shi shi ma ya sani.

A nan ne Hathaway da McKinley suka zo da dabarar da har yau take burge ni. Suka ce kada mu zauna a ofis mu yanke cewa mai ciwon damuwa ga yadda zai amsa. Mu ba masu ciwon katunan, mu ba 'yan dubiya, mu ƙirga. Duk jimlar da amsar rukunin biyu ta bambanta a kanta ta shiga ma'aunin ciwon damuwa, ko da a zahiri ba ta da alaƙa da baƙin ciki. Wadda ba ta raba su ba, komai kyanta, a ajiye ta gefe. Haka suka yi wa masu yawan ƙorafin ciwon jiki, da masu zargin ana bin su da sharri, da sauransu. Da haka mai son yaudara ya shiga wahala, don ba kullum zai gane jimlar da ke tona shi ba.

Ba su tsaya nan ba. Suka dasa wasu jimloli da aikinsu shi ne auna yadda mutum ya amsa gwajin kansa. Akwai guda 15 da ke magana a kan ƙananan laifuffukan da kusan kowa yake yi, irin su jin haushi wani lokaci, ko ɗage aikin yau zuwa gobe, ko ɗan taɓa gulma. Wanda ya musanta su duka, ana ɗaukar yana ƙoƙarin wanke kansa ne fiye da kima. Akwai kuma wasu da 'yan dubiya ƙalilan ne suka amince da su. Wanda ya amince da su da yawa, ko dai ciwonsa ya yi nisa, ko yana ƙara gishiri, ko bai fahimci abin da yake karantawa ba. Wannan ɓangare shi ya sa kotuna suka riƙe gwajin har yau.

Sai dai a faɗi gaskiya, abin da suka gina shi dominsa bai samu yadda suka so ba. Rukunonin majinyatan da suka yi amfani da su ƙanana ne, sau da yawa ba su wuce mutum 50 ba. Da aka fara aiki da gwajin sai aka ga majinyaci ɗaya yana hawa sama a ma'auni uku ko huɗu lokaci guda. Dole masana suka daina karanta ma'auni ɗaiɗai, suka koma duban fasalin sakamakon gaba ɗaya, suna tara bayanin irin mutanen da ke fitowa da kowane fasali. Sabon bugun 1989 ya zo da jimloli 567 da sabon mudu na mutum 2,600 da aka tattaro daga sassan Amurka. Na 2020 ya sauko zuwa jimloli 335.

Yanzu mu ɗauko wannan mudu mu kawo shi Kano ko Maraɗi. A cikin jimlolin gwajin na asali akwai wadda ke tambayar mutum ko miyagun iskoki sukan shige shi, akwai masu tambaya ko wani na ƙulla masa makirci. Ga manomin Minesota, amincewa da irin wannan baƙon abu ne. Ga matar da ta tashi a gidan da ake ruƙiyya, ake maganar sammu da kambun baka kamar yadda ake maganar ruwan sama, amsar “i” ba ta nuna komai face tarbiyyar da ta samu. Dattijon da ya shekara arba'in yana tsare harshensa, idan ya ce ba ya zagi, gaskiya ya faɗa, amma takarda na iya lissafa shi cikin masu wanke kai. Ga kuma kara: mutumin da idan ka tambaye shi jiki, ko yana kan gadon asibiti, zai ce “da sauƙi, alhamdu lillahi”, yaya kake tsammanin zai cika takardar da ke tambayarsa ko ya yanke ƙauna daga rayuwa? Ana iya fassara kowace jimla da Hausa mai kyau, a mayar da ita Ingilishi a ga ta dace, amma mudun ya zauna a na Minesota.

Wasu masanan sun bi wata hanya dabam. Suka ce tunda mutum na iya ɓoye kansa idan aka tambaye shi kai tsaye, a ba shi abin da ba shi da amsa, a ga yadda zai yi da shi. Hermann Rorschach, likita ɗan ƙasar Siwizalan, ya fitar da katuna goma masu ɗigon tawada a 1921: biyar baƙi da toka-toka, biyu da ɗan ja a ciki, uku masu launuka. A miƙa wa mutum kati a tambaye shi me wannan zai iya zama. Jama'a sun ɗauka abin da ka gani ne ke tona ka, wato jemage ko fuska ko jini. Shi Rorschach ya fi damuwa da yadda ka gani: katin duka ka kalla ko wani lungu? Siffa ce ta ja ka, ko launi, ko ka ga kamar abin na motsi? Abin da ka ambata ya yi kama da tawadar, ko kai kaɗai kake ganinsa? Allah bai ba shi tsawon rai ba. Ya rasu a 1922 yana da shekara 37, shekara ɗaya bayan fitowar littafinsa. A 1935 kuma Christiana Morgan da Henry Murray na Jami'ar Harvard suka fito da nasu salon, inda ake nuna hoton mutane a ce ka ƙago labari a kansu.

Bayan rasuwar Rorschach katunan suka zama kamar madubin duba a hannun wasu. A 1945 an gwada su a kan shugabannin Nazi da ke jiran shari'a a Nuremberg, ana neman alamar mugunta a amsoshinsu. Likitan kurkukun, Douglas Kelley, ya ce bai ga wani hauka na musamman a tare da su ba. Wasu suka ce sun gani ƙarara. Bayan shekara talatin, Molly Harrower ta cakuɗa amsoshin 'yan Nazin da na wasu mutane, ta cire sunaye, ta ba ƙwararru. Suka kasa warewa. Wanda ya san takardar ta azzalumi ce zai ga zalunci a kowane layi. Da aka rufe sunan sai ganin ya ɗauke.

Ba na cikin masu cewa a jefar da katunan. John Exner ya yi musu ƙa'idar lissafi a 1974, kuma wani babban nazari da Joni Mihura da abokan aikinta suka fitar a 2013 ya nuna suna da amfani na gaske wajen gano ruɗewar tunani da karkacewar fahimtar abin da ido ya gani, ko da yake wasu da yawa daga cikin abubuwan da ake cewa suna aunawa ba su da hujja mai ƙarfi. A yi aiki da su inda suka tabbata. Amma a raba uwa da ɗanta, ko a hana mutum aiki, don ya ga wani abu a tawada, wannan zalunci ne.

Labarin Nuremberg ya kai mu ga wanda ba a cika auna shi ba, wato mai awon kansa. A 1967 Loren Chapman da Jean Chapman suka duba wani gwaji da ake sa majinyaci ya zana mutum. Masana da yawa sun yi imani cewa mai yawan zargi yakan zana idanu na daban. Sai su biyun suka haɗa zane-zane da bayanan ciwo barkatai, ba tare da wata alaƙa ba, suka ba ɗaliban da ba su taɓa ganin gwajin ba. Ɗaliban suka “gano” alaƙar nan da ƙwararru ke faɗa. Ido da zargi sun dace a tunani, shi ke nan sai ƙwaƙwalwa ta riƙa tuna inda suka haɗu tana mance inda ba su haɗu ba. Shi kuwa Bertram Forer, a 1948, ya yi wa ɗalibansa 39 gwaji, ya ba kowa bayanin halinsa a takarda, ya ce su auna dacewarsa daga sifiri zuwa biyar. Matsakaicin makin da suka bayar ya kai 4.3. Takardar iri ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga littafin taurari ya tsinto yawancin jimlolin. Ka ce wa mutum yana da baiwar da bai yi amfani da ita ba, yana da maƙiya a ɓoye, yakan nuna ƙarfi a waje alhali a ciki yana da damuwa, zai rantse ka san shi. Da wannan boka yake cin abinci, da shi kuma gwaje-gwajen hali da ke yawo a Facebook suke samun masu yaɗa su. Don majinyaci ya ce “wallahi haka nake” ba ya nufin gwajin ya inganta.

Paul Meehl, wanda shi ma ɗan Minesota ne kuma mai duba marasa lafiya, ya tara bincike kimanin 20 a 1954 da suka gwada hasashen ƙwararre da na lissafi tsura: wa zai warke, wa zai koma laifi, wa zai ci jarrabawa. A kusan dukkansu lissafi ya yi daidai da ƙwararre ko ya fi shi. Abokan aikinsa ba su ji daɗi ba. Ni ina ganin babu littafin da ya fi wannan yi wa sana'ar gata, don ya koya mata tawali'u.

Mukan ce hali zanen dutse. A 1968 Walter Mischel ya duba abin da aka tara na bincike ya ce zanen bai kai zurfin da ake zato ba: sanin makin mutum a takarda ba ya ba ka ikon faɗin abin da zai yi a wani yanayi takamaimai sai kaɗan. Tun a 1928 Hartshorne da May sun gwada dubban yara, sun ga wanda ke satar amsa a aji ba lallai ne ya yi maguɗi a wasa ko ya ɗauki kuɗin da ba nasa ba. An yi shekaru ana gardama. Daga baya Mischel da abokansa suka bi yara a wani sansanin hutu na tsawon makonni, ana rubuta abin da kowane yaro ya yi da wanda ya yi wa da abin da ya jawo. Sai ga yara biyu da yawan faɗansu ɗaya a lissafi, amma ɗaya sai tsaransa sun tsokane shi yake tashi, ɗayan kuwa sai babba ya tsawata masa. Kowannensu kuma yana kan nasa salon ba ya sauyawa. Zanen dutsen yana nan, amma ga yadda aka rubuta shi: idan kaza ya faru, wane zai yi kaza.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. An ruwaito cewa wani ya zo yana yi wa wani shaidar kirki a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko harkar kuɗi ta taɓa haɗa su. Da ya ce babu ko ɗaya, sai Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba. Gida, hanya, kasuwa: wurare uku, don mutumin masallaci ba lallai ne shi ne mutumin ranar biyan bashi ba. Haka ma iyayenmu idan suna binciken aure ba sa tsayawa a bakin manemi. Sai sun ji daga unguwa da wurin sana'a da abokai.

A kan wannan tushe aka gina awon ɗabi'a, wanda a ganina ya fi kowace hanya amfani ga iyali. Maimakon a tambayi wane irin mutum ne wannan, sai a tambayi me yake yi, sau nawa, a ina, me ke faruwa kafin ya yi, me ke biyo baya. Mu ɗauka ga yaro ɗan shekara bakwai da ke kurma ihu yana birgima a ƙasa. Kaka ta ce halin kakansa ya ɗauko, maƙwabta sun ce a nemi mai ruƙiyya, malami ya ce taurin kai ne. Masani zai ba uwa da malamin takarda mai gida uku, na abin da ya faru kafin ihun, na ihun, da na abin da ya biyo baya, su riƙa cikewa duk lokacin da abin ya faru, na tsawon mako biyu. Uwar da ba ta yi boko ba ta rubuta da ajami, ko ta ɗauki muryarta a waya. Da aka tattara sai a ga ihun ba ya zuwa a wurin wasa, ba ya zuwa a gaban tuwo. Yana zuwa ne idan aka ce ya tashi ya karanta abin da ke kan allo, kuma kullum ƙarshensa a kore shi waje. Ashe korar da malami ya ɗauka horo ce, ita ce ladan da yaron yake nema. Daga nan tambaya ta sauya: me ya sa karatun ke yi masa nauyi? A duba idonsa, a duba kunnensa, a duba ko haruffa ne ke rikice masa. Wani yaron kuma, da ihu iri ɗaya sak, nasa yana tashi ne idan uwa ta ɗauki jaririya, yana kwanciya idan ta ajiye ta ta zo lallashi. Ihu ɗaya, dalili biyu, magani biyu. Da a kan sunan “taurin kai” aka tsaya, da duka biyun bulala za su sha.

Brian Iwata da abokan aikinsa sun kai wannan hanya matuƙa a 1982, a wata cibiya da ke Baltimore, da yara tara masu naƙasar ƙwaƙwalwa da ke cutar da jikinsu. Ba su tsaya kallo kawai ba, sai suka riƙa sauya yanayi da gangan cikin kulawa: wani zama babba ya kula yaron duk sanda ya bugi kansa, wani zama a janye masa aiki mai wuya idan ya yi, wani a bar shi shi kaɗai, wani kuma a yi wasa da shi ba takura. A shida daga cikin taran, cutar da kai ta fi yawa a yanayi guda takamaimai. Abin da ake ɗauka hauka ne marar kan gado ya zama saƙo daga yaron da ba shi da bakin faɗa: ku dube ni, ko ku ƙyale ni. Idan aka koya masa wata hanyar isar da saƙon, bugun kan yakan ragu. Ko tsoro ma ana auna shi da ƙafa: mai tsoron maciji a ga taku nawa zai iya matsawa kusa da akwatin gilashi kafin magani da bayansa.

Ita ma wannan hanya tana da nata cikas. Tana cin lokaci, kuma ranar da baƙo ya zauna a tsakar gida da biro da takarda kowa na kirki ne. Mai shan taba da aka ce ya riƙa ƙirga karan da yake sha yakan rage tun kafin a fara magani. Mai kallon ma da nasa mudun yake zuwa. Baƙon da bai san alkunya ba, idan ya ga uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, zai rubuta cewa babu shaƙuwa a tsakaninsu. Idan ya ga yarinya ta sunkuyar da kai ba ta haɗa ido da shi, zai rubuta tsoro ko damuwa, alhali ladabi ta yi masa.

Ko rabe-raben halin ma daga harshe aka ɗebo su. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka bi ƙamus na Ingilishi suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ke siffanta mutum. Daga tace su ne, bayan shekaru, aka sami manyan rassa biyar da ake yawan ambata: son sabon abu, tsari da riƙon aiki, son shiga jama'a, daɗin zama, da saurin damuwa. An same su a ƙasashe da yawa. Amma da aka gwada su a kan mutanen Tsimane na dajin Boliviya, rahoton 2013 ya nuna ba su fito ba, rassa biyu ne suka bayyana, na zumunci da na ƙwazon aiki. A ƙasar Sin, Fanny Cheung da abokanta sun gina nasu gwajin daga tushe, suka sami wani reshe na kiyaye hulɗa da mutunta juna wanda biyar ɗin ba su kama shi sosai ba. A Inugu, Peter Ebigbo ya saurari yadda majinyatan Nijeriya suke faɗin damuwarsu, da zafi a ka, da nauyin kai, da wani abu mai yawo a jiki kamar tsutsa, ya gina ma'auni a kan waɗannan a 1982. Duk wanda ya zauna a layin asibiti a Arewa ya ji irinsu: gabana na faɗuwa, tunani ya yi mini yawa, kaina kamar ana hura wuta.

Anthony Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafo siffofin da Bahaushe ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. A wane reshe cikin biyar ɗin za a saka kunya? Idan aka tura ta ƙarƙashin rashin son shiga jama'a an yi mata ƙazafi, don sarkin yawan magana ma yana iya zama mai kunya a gaban surukansa. Ga ƙamusun Bargery na 1934, ga na Jami'ar Bayero na 2006, ga bakin tsofaffi cike da kalmomi irin su kawaici, dattako, ƙyashi, rowa, fitsara, sanyin hali da zafin rai. Ɗaliban nazarin halayya da na harshe a Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai, aikin da Allport ya yi wa Ingilishi yana jiran ku, tare da wahalar da ke bayansa ta bin gari da ƙauye, maza da mata, masu boko da masu allo, a tara amsoshin da za su zama mudunmu.

Kai kuma mai karatu, idan wata rana aka miƙo maka irin wannan takarda a asibiti, ko aka ce za a gwada ɗanka, kada ka guje ta, kada kuma ka amsa don kare mutunci. Faɗi abin da ke damunka yadda yake, a harshen da ka fi iyawa. Ka nemi a ji daga waɗanda suke kwana suna tashi da mai matsalar. In sakamako ya fito, ka tambayi masanin da waɗanne mutane ya gwada amsoshinka, kuma ban da takardar me ya dogara da shi. Haƙƙinka ne ka tambaya, wajibinsa ne ya ba ka amsa.